Gargaɗi ga masu ba da aikin fentin mutum-mutumin wasan tebur

Jama'a masu wasan Dungeons & Dragons da ire-irensa, a yi hattara. Wasu 'yan damfara sun shigo cikinmu ta Facebook da Instagram da sunan masu fenti, suna karɓar aikin ƙawata ƙananan mutum-mutumin wasa. Abin da suka fi yin talla da shi matsafi ne, tsoho mai dogon gemu da hula mai tsini, riƙe da sanda mai walƙiya. Sun san duk wanda yake wasa da matsafi yana so nasa ya fita daban a kan tebur.

Hotunan da suke nunawa ba nasu ba ne. Daga shafukan ƙwararru suke kwasowa, wasu ma ayyuka ne da suka ci gasar fentin mutum-mutumi ta Golden Demon, ta kamfanin Games Workshop. Sai su yanke sunan mai aikin su liƙa nasu. Wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san nauyin abin. Mutum-mutumin nan tsayinsa milimita 28 ne zuwa 32, idonsa bai wuce kan allura ba. Kafin hasken sanda ya sauka a kan fuska da gemu da ninkin alkyabba yadda ido zai yarda da shi, sai an tsinka fenti da ruwa, a shafa, a jira ya bushe, a sake shafawa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Aikin kwanaki ne. Wanda ya ce zai yi maka irin wannan cikin kwana biyu a kan rabin kuɗin da masu sana'ar ke karɓa, ƙarya yake yi.

Wajen biya ne suke kama mutum. Za su nemi kafin alƙalami ta PayPal, manhajar tura kuɗi ta intanet, amma su nace a tura ta hanyar 'yan uwa da abokai, wai don a kauce wa cajin kamfani. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Hanyar biyan kuɗin kaya ce ke ba ka kwana 180 na shigar da ƙorafi, shi ya sa idan ka biya ta nan sai su fara ja maka rai: yau rashin lafiya, gobe fenti ya ƙare, jibi gidan waya ya ɓatar da kaya, har wa'adin ya wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka aika da nasu mutum-mutumin, wani ma tsohon na ƙarfe da aka daina ƙerawa. Kuɗi ya tafi, kaya sun tafi.

Akwai kuma masu aiko da kaya, amma jabu. Za ka ga ƙananan ramukan iska a jiki, yatsu sun manne, zanen littafin tsafi ya dushe. Wasu da injin ɗab'i na 3D ake fitar da su, ba a wanke su ba, ba a gasa su da haske yadda ya kamata ba, suna danƙo suna wari. Kada a bar yara su taɓa irin wannan, domin ɗanyen rezin, wato ruwan robar da injin ke yin su da shi, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Fentin ma ba a yi masa shafen farko ba, da ka taɓa sai ya ɓare.

Kafin ka tura ko sisi, sa hoton aikin da ya nuna maka a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ka ga inda ya fara fitowa. Ka nemi ya ɗauki hoton wani aikinsa kusa da takarda mai sunanka da kwanan wata da rubutun hannu. Ku yi yarjejeniya zai turo hoto a kowane mataki, tun daga shafen farko. Mai sana'ar gaske ba ya jin haushin wannan, har ma zai faɗa maka launin fenti samfurin Vallejo ko Citadel da zai yi amfani da shi. Idan ka gano hoton sata ne, ka kai rahoton shafin, sannan ka sanar da asalin mai aikin, domin ƙorafin mai haƙƙi ya fi saurin sa a sauke hoton.