Dalar azurfa ta 1795 da ta 1804: wacce ce ta gaske?

Malam, ka ce an kawo maka kwandaloli biyu na dalar Amurka. Ɗaya ta 1795 ce, ta goge, tana da karce-karce a fuska, nauyinta giram 26.5. Ɗaya kuma ta 1804, tana ƙyalli, gefenta na da tsaga-tsaga. Ka ce hankalinka ya fi kwanciya da mai ƙyallin.

Ajiye ta 1804 ɗin gefe. Dalar da ke ɗauke da wannan shekara guda 16 kacal aka sani a duniya, kuma ba a 1804 aka buga su ba. Sai wajen 1834 aka fara buga su domin kyauta ga sarakuna irin su Sarkin Siyam da Sarkin Maskat, kowacce kuma an san hannun da take. Gefen ma ya tona asirinta. Dalolin farko, daga 1794 zuwa 1803, rubutu ne a gefensu: HUNDRED CENTS ONE DOLLAR OR UNIT, da ƴan zane-zane tsakanin kalmomin. Tsaga-tsaga na dalolin baya ne irin su Morgan, masu faɗin milimita 38.1, kuma masu jabu sukan buga tsohon zane a kan ƙarfen da aka yanka da wannan awo. Ta gaske tana tsakanin milimita 39 da 40.

Ta 1795 ce abin zama a duba.

Nauyin doka giram 26.96 ne, azurfa kusan kashi 89 zuwa 90 cikin ɗari, sauran jan ƙarfe. Wadda ta sha hannu takan rage kaɗan, don haka 26.5 bai kore ta ba, amma 24 ko 28 ya kore ta. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. Idan ya kama, magana ta ƙare, idan bai kama ba kuwa ba a tabbatar da komai ba, domin tagulla ma ba ta kamuwa. Awon ruwa ya fi: ɗora kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili, ka rataya kwandalar da zare cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindin kofi ba. Ta gaske za ta nuna kusan giram 2.6. Raba nauyinta da wannan adadi, ya kamata ka samu wajen 10.3. Tagullar da aka shafa wa azurfa ba ta kai 9 ba.

Karcen da ya tsorata ka yana iya zama shaida a gare ta. A gidan buga kuɗi na Filadelfiya, idan faifan azurfa ya zarce nauyi, magagari ake sa masa kafin a buga. Irin wannan karce yana tafiya a jere, kuma zanen ya danne shi, bakinsa ba kaifi. Karcen da aka yi daga baya yana yanka zanen daga sama, yana barin ƙarfe a tashe a gefensa. Wasu na 1795 har da ƙaramar cikon azurfa a tsakiya, wadda aka sa wa faifan da nauyinsa ya gaza.

Jabu iri biyu ne. Ta zubi tana da sauƙin ganewa da gilashin ƙara girma sau goma: ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, haruffa sun yi luƙui, wani lokaci da layin haɗi a gefe ko alamar an goge shi. Mai wahala ita ce wadda aka kwafi hatiminta, wato ƙarfen da ke buga zanen, daga kwandala ta gaske, aka buga a kan azurfa mai kyau. Wannan tana tsallake sikeli da maganaɗisu da ruwa. Abin da ke kama ta shi ne duk wani rauni da ke jikin uwar kwandalar yana fitowa a kan kowane kwafi, wuri ɗaya, siffa ɗaya, kuma cikin raunin launinsa ɗaya da sauran fuska. Shi ya sa ake nemo hotunan jabun da aka riga aka kama a gwada.

Da hannu aka sassaƙa hatiman wancan zamani, don haka masana sun bi kowane haɗin gaba da baya sun ba shi lamba, wato lambobin Bolender da na BB (Bowers da Borckardt), sunayen masanan da suka jera su. Duba taurari 15 na gaba da inda tsininsu ke fuskanta, tazarar lambobin shekara, da ko ganye biyu ne ko uku a ƙarƙashin kowane fiffiken mikiya. Idan gaba da baya ba su dace da wani sanannen haɗi ba, jabu ce. Haka ake kama masu kankare 5 ta 1795 su mai da ita 4, domin ta 1794 guda 1,758 aka fitar, duk da hatimi ɗaya, kuma yawancinsu bugun ya yi rauni a hagu wajen shekara da taurari.

Kada ka bari maƙerin fari ya ɗiga mata ruwan gwaji ko ya goga ta a dutse, kada kuma ka wanke ta, darajarta ce za ta zube. Idan ta tsallake duk waɗannan, a aika ta PCGS ko NGC, kamfanonin tantance kwandaloli, kafin ka biya. Idan a cikin robar da suke rufe kwandalar da suka tantance aka kawo maka ita, shigar da lambar da ke jikin robar a shafinsu na intanet ka gwada hoton da abin da ke hannunka, domin robar ma ana yin jabunta.