Daren da na kwana a gidan malamai a Turkiyya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da alli kafin Allah Ya kawo ni Turkiyya ƙarin karatu, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa shiga inda aka sauƙaƙa min wani abu don ni malami ne ba. Shi ya sa abin da na gani cikin sanyin da ya wuce ya ƙi fita min a rai, har na ga gara in rubuto muku.

Ina da maƙwabci a Konya, dattijo ne, malamin firamare da ya yi ritaya. Ya nemi in raka shi ta'aziyya wani ƙaramin gari can gabas, inda aka fara tura shi aiki yana saurayi. Ba mu isa ba sai bayan isha'i, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Na ce masa, "Baba, a ɗan garin nan ina za mu sami masauki da wannan dare?" Ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Malami ba ya rasa wurin kwana a ƙasar nan."

Ya ja ni muka tsaya gaban wani bene mai hawa huɗu. A saman ƙofar an rubuta öğretmenevi, wato gidan malamai. Masauki ne na Ma'aikatar Ilimi, kuma da wuya ka shiga babban gari ko hedkwatar gunduma ka rasa irinsa. Akwai ɗakunan kwana, da wurin cin abinci, da zauren taro, wasu ma har da wurin aski da ɗakin biki, inda malami zai aurar da 'yarsa ba tare da ya ci bashi ba. Amma ba ginin ne ya tsayar da ni ba. Wani allo ne a bayan mai karɓar baƙi, wanda aka jera kuɗin ɗaki a kansa layi uku. Layin farko na malamai ne, shi ne mafi sauƙi. Na biyu na sauran ma'aikatan gwamnati. Na uku na kowa da kowa, shi ne mafi tsada. Ma'ana idan babban ɗan kasuwa ya zo da jibgegiyar motarsa, malamin aji ɗaya kuma ya sauko daga bas, to malamin ne ɗan gida, attajirin baƙo ne.

Dattijon ya miƙa katinsa. Yaron da ke wurin, wanda bai wuce sa'an jikansa ba, ya miƙe tsaye, ya ce, "Barka da zuwa, hojam," wato malamina. Ya ɗauki jakarsa da kansa. Ni layi na uku na biya, kuma daidai ne, ban da kati. Sai dai da dattijon ya gaya masa cewa ni ma malami ne a ƙasarmu, yaron ya juyo ya dafa ƙirji, ya kira ni da wannan sunan. Wallahi sai da na kau da kai, don idona ya ciko.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Na kwanta ina tuna ranar da na je neman hayar ɗaki biyu bayan aurena, mai gidan ya tambayi sana'ata, na faɗa, ya yi shiru, ya ce zai yi shawara. Dillali ne daga baya ya gaya min dalili: wai malamin makaranta ba a san ranar albashinsa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. Tun daga ranar na koyi cewa "ma'aikacin gwamnati ne" idan an tambaye ni, in haɗiye sauran. Mutum ya ɓoye sana'arsa kamar mai sayar da haram, alhali yara saba'in yake koya wa karatu a aji ɗaya. Mutane suna zaton ƙarancin albashi ne kawai ke korar malamai daga aji. Ni dai kunyar nan ce ta fi cin raina.

Da safe na ga dattijai sun cika zauren ƙasa, duk tsofaffin malamai ne, sun zo hira da karanta jarida kamar yadda suke yi kullum. Suna da inda za su je a san su. Matar malami da 'ya'yansa da iyayensa su ma suna cin wannan rangwame. A Santambul malami yana da katin shiga bas da jirgin ƙasa mai rahusa. Wanda ya kai wani mataki a aikin gwamnati ana ba shi koren fasfo, ya shiga ƙasashen Turai da dama ba biza, kuma maƙwabcin nawa yana da shi, yana nuna shi da alfahari. Ɗaya-ɗaya idan ka ɗauke su ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma duk inda malami ya juya akwai wata 'yar alama da ke gaya masa an san da shi.

Ranar malamansu 24 ga Nuwamba ce. A irin wannan rana a 1928 Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya karɓi laƙabin shugaban malamai, a shekarar da suka sauya haruffan rubutunsu, shi da kansa yana yawo gari-gari da allo da alli yana koya wa jama'a. A 1981 aka mai da ita ranar malamai. 'Yata tana aji biyu, kuma na ga yadda yara ke tururuwa da furanni, manyan mutane masu furfura suna neman malamansu na firamare su gaishe su. Suna yawan faɗin wata magana da suke jingina wa Sayyidina Ali, cewa wanda ya koya mini harafi ɗaya na zama bawansa shekara arba'in. Mu ma ai mun san maganar. Malamar 'yata kuma ita za ta riƙe su daga aji ɗaya har aji huɗu, ta san kowane yaro da gidansu, littattafai gwamnati ke rabawa kyauta, ba ta sayen alli da kuɗinta.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Akwai abubuwan da ke ba ni haushi a nan ƙwarai. Kalmar hojam ɗin da ta sa ni hawaye, daga baya na ga ta yi araha, ɗalibai ma suna kiran junansu da ita. Tsadar rayuwa ta cinye albashi, musamman tun 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 80 cikin ɗari, har malamai suna gudun a tura su Santambul saboda kuɗin haya. Matasa dubban ɗaruruwa sun gama karatun koyarwa, suna ta zana jarabawar shiga aikin gwamnati shekara da shekaru, ba a ɗauke su ba. A gefe guda kuma ana cike gurbi da malaman da ake biya da awa, suna aiki iri ɗaya da na dindindin, ladansu ko rabi bai kai ba. Wannan zalunci ne, ko a ina aka yi shi. Na makarantun kuɗi su ma kuka suke. A watan Mayun 2024 wani tsohon ɗalibi ya harbe shugaban makaranta a Santambul. To amma ku ji abin da ya biyo baya: malamai a faɗin ƙasar suka ajiye aiki suka fito titi, kuma kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar da ta tsananta hukuncin wanda ya taɓa malami. Mu kuwa uba zai shigo har cikin aji ya ci kwalar malami a gaban yara don an tsawata wa ɗansa, a ƙarshe malamin ne za a sa ya ba da haƙuri.

Mu mun iya jawabi. A ranar 5 ga Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 yana aiki. Ku tambayi malamin ƙaramar hukuma abin da ya shiga aljihunsa. A 2025 malaman firamare na Abuja, gaban idon gwamnati, sun fi wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi. Da Kaduna ta sallami malamai sama da 21,000 a 2017 bayan jarabawa, kowa ya yi ta yi wa malamai dariya, amma ban ji an kama wanda ya ɗauke su aiki da takardar ɗan siyasa ba. A nan, duk da ƙorafin da suka yi a kan tambayoyin baka na ɗaukar aiki, sai ka ci jarabawar ƙasa kafin a ba ka aji, shi ya sa uba ba ya kallon malamin ɗansa a matsayin wanda ya rasa abin yi. Mu ne muka mai da koyarwa wurin fakewa kafin a sami aiki, sannan muka dawo muna raina masu yin ta, muna ce musu ladansu yana lahira.

Duk da haka ina kewar ajina. Ina kewar muryoyin nan da ke tashi gaba ɗaya idan na shigo da safe, da yaron da ya yi wata uku ba ya haɗa baƙi, ran nan ya karanta layi guda ya ɗago yana kallona. Babu abin da na samu a nan da ya kai wannan daɗi, kuma na san malamai da yawa a gida wannan kaɗai ke riƙe da su.

A hanyarmu ta komawa dattijon ya tambaye ni ko malamina na farko yana raye. Na ce yana nan. Ya ce, "Yaushe rabonka da jin muryarsa?" Na kasa amsawa. Abin da na sani kawai shi ne ya yi ritaya tun kafin in taso, kuma har na baro gida yana zirga-zirgar neman haƙƙinsa da fayil a hammata. Muna isa Konya na kira ƙanena na ce ya je gidansa da kansa, ya gaishe shi, ya karɓo min lambarsa, ya kuma tambaye shi inda maganar kuɗin sallamar ta tsaya.