Ulu ko zaren auduga: wanne ya dace da rigar filon kujera?

'Yar'uwa, kin ce filon kujerunki huɗu rigunansu sun koɗe, kina so ki saƙa musu sababbi da kwarashi. Kin shiga Kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna, mai shago ya ajiye miki ulu ya ajiye zaren auduga, audugar ta fi tsada, kika dawo gida ba ki sayi ko ɗaya ba. Kin kuma ce akwai yara ƙanana a gidan. Gara da kika dakata, domin zaren da ya yi kyau a hular jariri ba lallai ne ya yi a filo ba. Filo abu ne da ake jingina, a kwanta a kai, a jefar ƙasa, yaro ya goge hannun miya a jiki.

Mu fara da ulu. Mafi yawan wanda ke kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, dangin roba da ake samowa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1950 da sunan Orlon. Halinsa duka daga nan ya samo asali. Ba shi da nauyi, yana da ɗan talewa, in kin ja shi ya koma. Launinsa ba ya saurin zuba, kuma in kin wanke kin shanya da hantsi, kafin azahar ya bushe, ko da a watan Agusta ne da Kaduna ke kwana uku ba ta ga rana sosai ba. Ga mai koyo kuwa yana da daɗin aiki: yana zamewa a bakin kwarashi, in kika yi kuskure kika warware layi biyar ba ya nuna alama.

Auduga ba haka take ba. Ba ta talewa, saboda haka hannu yana gajiya da wuri, musamman babban yatsa da wuyan hannu. Silinta kan rabu, kwarashi ya kama rabi ya bar rabi. Tana da nauyi, kuma a nan ake yaudarar kai wajen lissafin kuɗi: giram 100 na matsakaicin ulu yakan kai kusan mita 280 zuwa 300, amma giram 100 na auduga mai kauri ɗaya da shi yakan tsaya tsakanin mita 200 da 250. Wato ban da tsadar dunƙule, za ki kuma buƙaci dunƙule fiye da na ulu. In ta jiƙe tana daɗewa ba ta bushe ba, in aka wanke ta da ruwan zafi tana tsukewa, mai duhun launi kuma takan zuba a wankin farko.

Duk da haka ni auduga nake saƙa wa filon da ake amfani da shi, kuma dalilina yanayin garin nan ne. Ki tuna watan Maris da Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, mutum ya jingina bayansa. Akirilik kusan ba ya shan ruwa, gumi kan tsaya ne tsakanin fata da zare, sai ki ji ɗumi da ƙaiƙayi, ki ga baƙo ya zare filon a hankali ya ajiye gefe. Auduga tana tsotse gumin ta sake shi, shi ya sa take da sanyi a jiki. Da hunturu kuma wata matsala ce daban. Iska ta bushe, ulu ya riƙa ɗaukar wannan lantarkin da ke yin ƙaf-ƙaf in an taɓa bargo, yana jawo ƙura da gashi da zare-zaren kafet. Farin ulu a watan Janairu, mako guda ya ishe shi ya koma ruwan ƙasa. Audugar ma tana ɗaukar ƙura, amma kakkaɓewa da ɗauraya sun wadatar.

Sai maganar tsufa, wadda mai shago ba zai gaya miki ba. Duk inda kai ko kafaɗa ke gogar ulu, gashinsa kan tashi ya dunƙule ƙanana-ƙanana, tsakiyar filon ya yi gudaji alhali gefuna suna nan sababbi. Ana iya aske su da reza a hankali, amma suna dawowa. Auduga, musamman mai sheƙi ɗin nan da aka jiƙa a ruwan soda aka ja ta (dabarar John Mercer ce ta 1844 a Ingila, wadda daga baya aka inganta), ba ta cika yin haka ba. Zanen saƙarki zai fito fes, kowane layi ana ganinsa, kuma wanki laushi yake ƙara mata. Aibinta shi ne in ta saki ba ta komawa da kanta. Rigar da kika saƙa daidai wa daida, bayan wata biyu sai ki ga kusurwoyinta sun yi laƙwas. Maganin wannan tun daga awo ne. In filonki santimita 40 ne kowane gefe, saƙa rigar ta tsaya a 37 ko 38, ki cusa filon da ɗan ƙarfi. Ulu kuwa ragin santimita ɗaya ko biyu ya isa, shi da kansa zai kama jikin filon.

Dutsen guga kada ya taɓa ulu, ko sau ɗaya. Narkewa yake yi, wurin ya kwanta ya yi ƙyalli, kuma ba gyara. Haka garwashin turaren wuta: in kina turara falo, ki nisanta kasko daga kujera, domin ɗan tartsatsi ɗaya yakan bar rami mai baƙin baki a jikin ulu. Auduga tana karɓar guga, sai dai a shimfiɗa ƙyalle mai ɗanshi a kai.

Wannan halin nasu da wuta shi zai cece ki daga sayen gaibu. Akwai zare masu laushi da ake sayarwa da sunan auduga, har da wanda ake kira audugar madara, alhali da yawansu haɗi ne da akirilik. In babu takardar da ta faɗi kason kowanne, roƙi mai shago ya yanko miki kamar tsawon yatsa. In kin koma gida ki riƙe shi da almakashi a kan faranti ki kyasta ashana. Auduga za ta ci bal, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Akirilik zai nannaɗe yana narkewa, ya yi baƙin hayaƙi da wari mai hawa kai, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. In kika ga toka da ɗan tauri a haɗe, haɗi ne. Haɗin ba laifi ba ne, rabi da rabi ma yana yin filo mai kyau, amma a sayar miki da shi a kuɗinsa.

Abin yana yi mini ciwo a duk lokacin da na ga da yawa daga cikin zaren da muke saƙa da shi daga waje yake zuwa, Sin ko Turkiyya, a garin da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri tun 1957, ga kuma gonakin auduga nan kusa a ƙasar Funtuwa. Masaƙar ta rufe a 2002, mu kuma muna sayen auduga da tsadar dala.

To, ga abin da zan ce ki yi, tunda filo huɗu ne kuma ga yara. Ki ɗauki auduga mai matsakaicin kauri, da kwarashi mai milimita 3.5 ko 4, ki saƙa fuskar gaba kawai. Bayan filon ki kai wa tela ya sa yadi mai ƙarfi ko ragowar atamfa, ya ɗinka zif a ƙasa. Da haka kin rage rabin zare, kin rage rabin gajiya, yadin zai riƙe saƙar kada ta saki, cirewa don wanki kuma ba wuya. Ki jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka, ki wanke saƙar ita ma kafin ki kai, don kada ɗaya ya tsuke ya bar ɗaya. Fuska ɗaya ta filo mai santimita 40 takan ci wajen giram 150 a matsattsiyar saƙa, don haka ki sayi na filo huɗun gaba ɗaya, har da rarar dunƙule guda. A jikin takardar kowane dunƙule akwai lambar rini. Ki duba ta zama iri ɗaya. Shuɗin yau da shuɗin da za a kawo wata mai zuwa ba sa zama ɗaya, kuma sai an jera filon a kujera ake ganin bambancin.

Ki yi matsattsiyar saƙa, ba mai manyan ramuka ba. Mai ramuka ta fi sauri ta fi ado, amma yatsun yara suna shiga su ja, kuma farin filon ciki yana leƙowa sai an yi mata shafi. Launi kuma ki guji fari tas. Ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu ko launuka biyu a jere sun fi ɓoye datti. Kafin ki fara, saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 kowane gefe, ki auna, ki wanke da ruwan sanyi da sabulu, ki shimfiɗa a inuwa, ki sake aunawa. Da awon bayan wanki za ki lissafa yawan sarƙar farko, wato layin da ake fara saƙar da shi.

In kuwa wannan ne aikinki na farko da kwarashi, ki fara filo ɗaya da ulu tukuna, hannunki ya faɗa, ki ajiye shi a kujerar da ba a cika zama ba ko a kan gado don ado. Haka in na jeren amarya ne da ake so cikin sauri da launi mai haske, ulu ya wadatar. Sauran ukun da yara za su yi ta birgima a kai, ki ba su auduga.