Cefane a Birmingham: babu gyara, babu littafin bashi

Ranar wata Asabar da yamma, a wani babban kanti da ke gabashin Birmingham ta Ingila, wani ɗan ƙasarmu ya iso gaban mai karɓar kuɗi shi da iyalinsa, kurar kayansu ta cika har ta yi tozo. Daga hular kansa da yadda yake zare ido a kan allon na'ura za ka san bai daɗe da sauka ba. Lissafi ya tashi fam 187 da 'yan kwabbai. Ya kara kati, na'ura ta ƙi. Ya sake karawa, ta sake ƙi. Mutanen nan ba za su ce maka uffan ba, kowa sai ya mayar da ido kan wayarsa, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Uwargidan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Abban Ummi, a rage lemon nan da biskit." Ya ce, "To, Hajiya, ki zaɓa." Aka shiga sauke kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an sake haska shi an cire shi daga lissafi, yara suna kallon alawarsu tana komawa. A gida da tuni ya ce wa mai kanti, "Rubuta, ƙarshen wata na nan tafe," an yi dariya an wuce. A nan babu wanda zai rubuta.

Mutumin nan ba talauci ne ya kunyata shi ba. Duk wanda ya leƙa kurarsa zai ga inda gizo ke saƙar: shinkafa 'yar ƙaramar leda mai kilo ɗaya har guda shida, manyan robobin lemo, biskit kala uku, sabulun wanki mai tsada, kunzugun jarirai, doya guda biyu da kuɗinsu zai sayi dankalin Turawa na mako biyu. Albasa ko ɗaya babu. Kuɗin wata guda ne aka zo da shi aljihu ɗaya, aka shiga kanti ɗaya, ido ya yi ta zaɓe. Ga shi kuma ƙasar ba ta sauƙaƙa ba: a watan Maris na 2023 hauhawar farashin abinci a Birtaniya ta kai kashi 19.2 cikin ɗari a shekara, kuma da ta lafa, farashin bai koma inda ya baro ba.

Tsarinmu na gida, inda maigida ke ajiye kuɗin cefane kowace safiya a aiki yaro bakin titi ya sayo kashin tumatir da maggi na yini, ba ya aiki a nan. Babu yaron aike, babu mai kayan miya a ƙofar gida, kuma duk shiga kanti da ka yi don burodi sai ka fito da abu biyar. Saboda haka dole a raba kuɗin tun ranar da albashi ya shigo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba shi bisa sunan abinci: na safe kaza, na rana kaza. Rabon da ke tsayawa shi ne wanda ya bi inda ake sayen kaya da tsawon lokacin da suke yi kafin su ƙare ko su lalace.

A ɗauki misalin gida mai mutum biyar da ya ware fam 550 a wata. Awo, wato shinkafa, gari, taliya, wake, mai da sukari, a ba shi fam 70. Nama da kifi fam 150. Cefanen mako fam 195. Sabulu da danginsa fam 50. Abincin gida da ake saya don kewa fam 40. Ragowar fam 45 a ɓoye su don baƙi da azumi. Kowane gida zai gyara lambobin daidai da bakunan da ke cikinsa, amma a lura da fam 195 ɗin nan. Mutane kan ce fam 45 a mako sau huɗu, su ware 180, sun manta mako 52 ne a shekara, ba 48 ba. Kusan wata huɗu a shekara Asabar biyar ke faɗowa cikinsu, kuma wannan Asabar ta biyar ita ce ke sa kati ya ƙi a gaban jama'a. A lissafa 45 sau 52, a raba gida 12. Wasu ambulan suke amfani da shi, wasu manhajar banki irin Monzo da ke barin mutum ya buɗe ƙananan asusai a cikin asusunsa. Asusun ƙasa ne dai na kakanninmu, sai dai wannan ba sai an fasa ba.

Abin da ya fi burge ni a ƙasar nan, wanda ɗan'uwan nan namu bai duba ba, wani ɗan siririn rubutu ne a ƙasan farashin kowane kaya. Doka ce ta tilasta wa manyan kantuna su rubuta kuɗin kilo ɗaya, ko lita ɗaya, ko giram 100, komai girman ledar. Da wannan kaɗai za ka gane cewa leda shida masu kilo ɗaya-ɗaya sun kusa kama kuɗin buhu mai kilo 10 a shagon 'yan Pakistan da ke titin Alum Rock ko Coventry Road. Da shi kuma ake kama kamfanin da ya rage nauyin kwalinsa ya bar farashi yadda yake. Idan na tuna mudun wasu kasuwanninmu da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, da kwanon saye daban na sayarwa daban, da tiyar da ke canza girma daga wannan gari zuwa wancan, sai takaici ya kama ni. Mu da ake karanta mana ayar masu tauye mudu tun muna makarantar allo. Yaya mace za ta tsara abincin wata alhali ma'aunin kansa ba shi da tsari? Sai dai su ma a nan suna da tasu dabarar. Kantunan Tesco da Sainsbury's kan saka farashi biyu a kaya ɗaya, mai sauƙin na wanda ke da katinsu na Clubcard ko Nectar ne. Katin kyauta ne, amma wanda bai sani ba zai ɗauki kaya bisa ƙaramar lamba ya biya babba.

Awo ba kowane wata ake yinsa ba. Buhun shinkafa mai kilo 10 da jarkar mai lita 5 kan kai wannan gidan mako shida zuwa takwas, don haka fam 70 ɗin watan da ba a yi awo ba a bar su su tarar da na gaba. Wake kuwa, masu tambayar me ya sa namu na gida ke wuyar samu: a 2015 Tarayyar Turai, wadda Birtaniya ke cikinta a lokacin, ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki. Wannan aikin hannunmu ne, masu zuba fiya-fiya a buhu don ƙwari kada su taɓa riba. Farin wake mai baƙin hanci da ake sayarwa a shagunan Indiyawa yana yin ƙosai da alale lafiya lau.

Nama shi ne rami mafi zurfi. A je wurin mahauci na halal sau ɗaya a wata, a duba takardar shaidar da ke manne a shagon, ta HMC ko ta HFA, ƙungiyoyin da ke tantance halal, kowa da wadda hankalinsa ya kwanta da ita. Naman tunkiya babba ya fi na ɗan rago sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi dacewa da miyarmu mai daɗewa a wuta. Kazar da ke cika kantuna laushi gare ta, kafin miya ta nuna ta dagargaje, ga ruwa da take saki. Mai son kaza irin ta gida ya nemi tsohuwar kaza mai ƙwai, mahauta sun san ta, kuma ta fi arha. Da an dawo gida a kasa naman rabin kilo-rabin kilo a leda, a rubuta kwanan wata, a jefa a firiza. Wanda ya jefa kilo biyar dunƙule guda zai narkar da shi duka don girki ɗaya, sai a yi ta soya ana ci, naman wata ya ƙare a kwana goma. Firji ya tsaya ƙasa da digiri 5, firiza a digiri 18 ƙasa da sifili.

Cefanen mako kuwa madara ne, burodi, ƙwai, kayan marmari da kayan miya. Madara da burodi da ƙwai a kantunan Aldi ko Lidl. Tumatir ɗanye na kanti, musamman da hunturu, ja ne a ido, ruwa a baki. Gwangwani biyu masu giram 400 da tattasai uku sun fi shi yin miya. Attaruhu ana auna shi kamar zinariya, don haka in an same shi da sauƙi a saya da yawa a daskarar. A kasuwar Bull Ring da wasu shagunan bakin titi za ka ga an jera kayan lambu a kwanonin roba, kwano ɗaya farashi ɗaya. Ranar da na fara ganin haka sai da na tuna kasuwar Yankaba ta Kano. Amma kayan kwano sun nuna sosai, kwana biyu zuwa uku suke yi. A markaɗa su a ranar, a tafasa, a zuba a robobi.

Akwai rubutu biyu da ke jawo asara ga wanda bai bambance su ba. "Use by" na irin su nama ne da kifi, idan ranar ta wuce ba a ci. "Best before" na irin su biskit, taliya da gwangwani ne, ranar ta wuce ma ana ci, ɗanɗano ne kawai zai iya raguwa. Na ga gidajen da ke zubar da taliya saboda tsoron kwanan wata, na kuma ga masu shinshina nama su ce ai bai yi wari ba. Da yamma kantuna kan manna takardar ragi, galibi ruwan ɗorawa, a kan kayan da ranarsu ta zo. Burodin da aka saya haka ya shiga firiza, yana kai mako biyu.

Sabulu, garin wanki, takardar banɗaki da kunzugu su ne ɓarayin kuɗin abinci, domin a kura ɗaya ake zuba su, a rasit ɗaya suke fitowa, mace ta yi ta mamakin ina kuɗin miya ya tafi. Yawancin abinci ba a ɗora masa harajin VAT, amma kayan wanki, lemon kwalba, alawa da askirim duk suna ɗauke da kashi 20 cikin ɗari. Da ɗan'uwanmu ya biya waɗannan daban, da tun a kan layi ya ga rabin kurarsa ba abinci ba ne. Ledar zuba kaya ma saye ake yi, kwabo 10 mafi ƙaranci tun watan Mayu na 2021. Ranar Lahadi kuma manyan kantuna awa shida kacal doka ta ba su, yawanci ƙarfe huɗu ko biyar sun rufe, sai ƙananan shaguna masu tsada su rage maka.

Sai kuɗin kewa. Wannan kason ba yunwa ke cin sa ba, zuciya ce. Mutum ya shiga shagon kayan Afirka ya ji ƙamshin daddawa da busasshen kifi, hankali ya tafi, ya fito da doya, manja, garin rogo da maltina, fam 60 sun tafi ba a yi tuwo ko sau ɗaya ba. Doyar ma sai ka yanka ka tarar rabinta ya yi baƙi, ba kuma wanda za ka mayar wa ka ce, "Haba Malam, dubi abin da ka ba ni." A sa wa wannan kason iyaka, a kuma koyi sunayen kayanmu a bakin Indiyawa, domin a shagunansu sun fi sauƙi. Gero bajra ne, dawa jowar, tsamiya imli, kuɓewa bhindi. Zoɓo yana wurin 'yan Jamaika da sunan sorrel. 'Yar gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara tana tuƙa tuwo mai kyau, tana yin waina. Amma a yi hattara da garin kuka na shagunan kayan lafiya: na 'ya'yan kuka ne, fari mai tsami, ba na ganye ba. Wanda ya kaɗa miya da shi zai ba da labari.

Fam 45 ɗin ƙarshe su ne mutane ke rainawa, su ne kuma ke ceton gida. Ba mu iya sallamar baƙo da shayi da biskit biyu kamar maƙwabtanmu, kuma ban ce mu koya ba. Amma a ce baƙo uku, a dafa na mutum goma, ga shi babu almajiri a ƙofa, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa kwano ta katanga, ragowar sai kwandon shara. A gida wannan yawan girkin sadaka ne, a nan ɓarna ce. Idan aka bar kason nan ya taru wata goma sha ɗaya, ya kusa fam 500, dabino da ƙarin nama da kayan buɗa-baki na azumi ba za su taɓa kuɗin haya ba. Masu ƙananan yara kuma su sani, a makarantun gwamnati na Ingila ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu abincin rana kyauta ne ga kowa. A tambayi makaranta ko namansu halal ne, in ba haka ba a zaɓar wa yaro na ganye ko kifi.

Ku kuma na gida masu ɗaure mana tsaraba, Allah ya saka da alheri, amma ku daina saka kilishi, dambun nama da man shanu a jakar matafiyi. Nama da kayan nono daga ƙasashenmu doka ta hana a shigo da su Birtaniya, in an gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi. Ku cika wurin da garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure daddawar leda uku saboda sauran fasinjoji.