Wasiƙa zuwa ga Kawu: yadda muke raba kogi da 'yan ninƙaya a Ingila

Kawu, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya ruwa, ya iyali? Kun aiko a tambaye ni ko har yanzu ina taɓa su, wato kamun kifi, tun zuwana Ingila. Ina taɓawa, amma da za ku ga irin sun, sai kun yi dariya har da riƙe ciki.

Daga Bradford inda nake, tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa zuwa Ilkley, garin da kogin Wharfe ya ratsa. Ba koma, ba taru, ba gora. Sanda ce mai tsawon ƙafa tara, ba nauyi kamar karan dawa, da zare mai kauri, sai 'yar mitsitsiyar ƙugiya da aka naɗe da gashin zakara har ta yi kama da ƙwaro. Ba a sa mata tana. Sai ka yi ta kaɗa zaren a iska, gaba da baya, ka sauke shi kan ruwa a hankali, kifin tirawut ya zaci ƙwaro ne ya faɗo.

Kayansu kam ba laifi, tsada ce kawai. Sandata ta hannu ce, amma shekara uku ko tsagewa ba ta yi ba. Wandon robar da ake shiga ruwa da shi, mai haɗe da takalmi har ƙirji, shi ne ya fara yoyo a gwiwa, na liƙe shi kamar tayar keke. Abin da ya fi burge ni mai shagon ne. Bai ce in sayi mai tsada ba. Cewa ya yi, wane kogi, wane wata? Sannan ya tsinto min ƙwari shida daga cikin ɗaruruwa.

Takardu ne ciwon kai. Sai ka yanki lasisin hukumar kula da muhalli, fam 30 da wani abu a shekara, ta waya cikin minti biyar. Wanda aka kama ba shi da shi, tara na iya kaiwa fam 2,500. To, lasisin ma ba izinin jefa ƙugiya ba ne, don haƙƙin su a nan dukiya ce, na masu ƙasa ne ko ƙungiyoyin masunta, sai ka sake sayen tikitinsu. Kuma tirawut a yankinmu daga 25 ga Maris zuwa 30 ga Satumba kaɗai ake kamawa. Abin da Sarkin Ruwa ke yi da baki a Matan Fada, nan takarda ke yi.

Sai bazara ta shigo. A Disamban 2020 gwamnati ta ayyana wani ɓangare na Wharfe a Ilkley a matsayin wurin wanka, kogi na farko a Burtaniya da ya samu haka. Rana na fitowa sai ka ga gari ya tashi: iyalai da tabarmi, samari na tsalle daga gaɓa, karnuka, yara da balan-balan. Wata Asabar na kwashe kusan awa ina lallaɓar wani kifi da ke ta ɗago kai ƙarƙashin bishiya. Ina shirin jifa ke nan sai ga wata dattijuwa da hular roba ruwan lemo ta ratso ta kansa, ta ɗago hannu tana min barka da hantsi. Na amsa, amma Allah kaɗai ya san abin da ke raina. Ni na biya kuɗi sau biyu, ita ko sisi.

Daga baya na sauko. Zaren nan yana tafiya baya kamar yadda yake tafiya gaba, ƙugiya kuwa ba ta san kunnen yaro ba. Kuma in ruwa ya kai digiri 19 zuwa 20, iskar da ke cikinsa na raguwa, kifin da aka wahalar kan mutu ko an sake shi, don haka masunta da kansu suke naɗe zare. Ranar 19 ga Yulin 2022, da zafi ya kai 40.3 a Ingila, ƙasar ta rikice kaf. A Argungu watan Afrilu wa ke ba da labarin wannan?

Su 'yan ninƙayan ma sun yi mana rana. Saboda su ne ake gwada ruwan daga 15 ga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, sakamakon ya sha fitowa mara kyau, har aka kafa allon gargaɗi. Ba ya hana su shiga.

Yanzu da agogo muke rabo. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar, ina idar da sallar asuba nake bin abokina a mota, kafin tara mun tattara mun bar musu. Makon jiya na kama uku, na cire ƙugiya na mayar da su ruwa, haka ake yi. A hanyar gida na tsaya shagon 'yan Afirka na sayi daskararriyar tarwaɗa.

A gaida Gwaggo da su Inna.