Tsohuwar motar yankan ciyawa mai injin Briggs & Stratton: ta cancanci saye da gyara a Maraɗi?

Motar yankan ciyawar nan da ake hawa a tuƙa, wadda ke shigowa cikin kayan hannu na Turai da Amurka ta tashar Lome ko Kwatano, tana da masu nema a Maraɗi ko da ba su da yawa: masu kula da filin ƙwallo, otal mai lambu, makaranta mai faɗin haraba, ko Alhajin da ya dasa kiri-kiri a gidan gona. Sunan da ke jikinta yakan bambanta, John Deere, Husqvarna, MTD, Murray, Craftsman, amma in ka ɗaga murfi sau da yawa inji iri ɗaya za ka tarar, Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, cc 500, ƙarfin doki 15 da rabi zuwa 18. Injin nan ya cancanci wahala. Makanikin janareto ko na babur, in mai natsuwa ne, zai tada shi. Inda kuɗi ke nutsewa shi ne giyabos da kaskon da wuƙaƙe ke ciki, kuma su ne mai saye bai cika dubawa ba, domin hankalinsa duk yana kan ko ta tashi ko ba ta tashi ba.

Kafin a yi maganar kuɗi, goge murfin bawul da tsumma. Akwai lambobi kashi uku da aka buga a jikin ƙarfen: samfurin inji, nau'insa, da ranar ƙira. A kashi na uku, lambobi biyu na farko shekara ce, biyu na biye wata, biyu na biye rana. Wanda ya fara da 090614 an ƙera shi ranar 14 ga Yuni 2009, ko da mai sayarwa ya rantse maka bara aka yi shi. Ɗauki hoton lambobin, haka ma takardar da ke liƙe a ƙarƙashin kujera. Da su za ka yi odar kaya daga Kano, in ba haka ba sai a aiko maka abin da ya yi kama.

Daga nan zaro sandar baƙin mai ka sansana. In man ya haura alama, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur, kada ka bari a tada injin. Allurar karbureta ce ta daina toshewa, fetur ya yi ta tsiyaya daga tanki ya bi ta silinda ya gangara cikin baƙin mai. Wannan ciwo ne sananne a karbureta Nikki da ke kan yawancin injinan nan, kuma inji da aka yi aiki da shi a haka yana iya cinye sandar fistin cikin awa ɗaya. Gyaran ba tsada: sabuwar allura da robobinta, juyen mai, sannan a sa ɗan famfon rufe fetur a kan tiyo, irin na janareto, a riƙa rufewa duk lokacin da aka gama aiki. Ko karburetar lafiyayya ce, a sa famfon. A ƙasan kofin karbureta akwai ɗan solonoyid mai waya, wanda ke buɗewa da rufe hanyar fetur da lantarki. In ka murɗa makulli ya kamata ka ji ya yi ƙas. In ya yi shiru, tsohon fetur ya daskare masa, ya rufe hanyar mai, sai inji ya yi ta juyi ba ya kamawa. A kwance shi a wanke har tsinkensa ya riƙa shiga da fita da kansa.

Mafi yawan motocin da ake sayarwa da rahusa a ce “sitata ce ta mutu” ko “batir kawai take so”, ba sitata ba ce kuma ba batir ba ne. Alamar ita ce inji ya yi rabin juyi ya tsaya cak, sitata tana gurnani, wayoyi suna zafi. Dalili yana cikin bawul. A jikin kamshaf akwai ƴar na'ura da ke ɗan buɗe bawul ɗin shan mai lokacin tayarwa, don ta rage matsin iska sitata ta samu ta wuce. Buɗewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, saboda haka da zarar ratar bawul ta yi yawa, sai ta ɓace gaba ɗaya. Ana gyara ratar ne inji yana sanyi. Cire buji, kwance kusoshi huɗu na murfin bawul, juya inji da hannu har bawul biyun su rufe fistin ya iso ƙololuwa, sannan ka ƙara juyawa kaɗan har fistin ya sauka milimita 6. Ana auna wannan da tsinke ta ramin buji. Bawul na ƙasa, mai sandar alminiyom, shi ne na shan mai, ratarsa milimita 0.08 zuwa 0.13. Na sama, mai sandar ƙarfe, na hayaƙi ne, 0.13 zuwa 0.18. Sai da siraran ƙarafan awo ake wannan aiki, ba da ido ko reza ba. Bayan an ɗaure, a sake aunawa, domin ɗaurin kansa yana ɗan motsa ratar.

Kafin ka mayar da murfi, juya injin a hankali kana kallon bawul na ƙasa. Dab da fistin zai kai ƙololuwa, za ka ga ya ɗan yi ƙyafta, ya motsa ya koma. In ratar ta yi daidai kuma babu wannan motsi, na'urar ta karye, gutsattsarinta suna kwance a gindin inji. Nan sai an sauke inji an buɗe ƙasa an canza kamshaf, lambarsa 793880. Aikin yini ne, kuma dalili ne mai ƙarfi na rage farashi. Abin da bai kamata ba shi ne a jona mata batirin babbar mota a tilasta ta: haƙoran sitatar na roba ne, za su zube.

Ciwo na uku shi ne gasket ɗin kan silinda, lamba 794114. Yakan fashe a siririn wurin da ke tsakanin silinda da ramin sandunan bawul. Inji zai riƙa shan baƙin mai, yana fitar da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi musamman in aka sa wuƙaƙe, in ka zare sandar mai bayan kashewa ka ga hayaƙi na fitowa. Da yawa sukan ce ringi ne su buɗe inji gaba ɗaya a banza. Canza gasket ya isa, a ɗaure kusoshin a gicciye, hawa uku, har ma'aunin ƙarfin ɗauri ya nuna Nm 25.

Sauran hidimar inji ba ta da wuya. Buji Champion RC12YC, rata milimita 0.76. Baƙin mai lita 1.4 in akwai filta. Kamfani ya rubuta SAE 30 don lokacin zafi, ya kuma yi gargaɗi cewa 10W-30 yana saurin ƙarewa in zafi ya wuce digiri 27. Mu da ke ganin sama da 40 a Afrilu da Mayu, in ba a samu SAE 30 ba gara 15W-40 ko 20W-50 na kirki. Littafin ya ce juye duk awa 50, amma an rubuta shi ne don ƙasar da ba ta san hazo ba, a nan a yi a awa 25. Filtar iska ta takarda a kakkaɓe ta bayan kowane aiki, kada a wanke ta da fetur, kada a hura ta da iskar mai faci. Soson da ke kanta shi ake wankewa da sabulu. Wajibi ne kuma a cire murfin fanka na saman inji a share tsakanin haƙarƙarin silinda: ɓera na yin sheƙa a wurin, zanzaro na gini, inji kuwa da iska kaɗai yake sanyaya. Wanda ke sayen man ƴan ruwa-ruwa ya tace da kyalle mai tsabta, ya sa sabuwar filtar mai, ja in tankin ne ke zuba mai da kansa, fara in akwai famfon da ke tura mai zuwa karbureta.

Wani abu da ke ɓata aiki tun ranar farko: notocin motar Amurka na inci ne. Sifana 13 tana kama rabin inci, 11 tana kama 7/16, amma 10 a kan noti 3/8 tana da sako-sako, za ta murje masa kai. Saitin soket na inci ƙarami ya fi arha a kan kusa ɗaya da ta murje a jikin alminiyom.

Yanzu giyabos, inda ya kamata ka fi daɗewa. Iri uku ne. Akwai mai giya biyar ko shida na hannu, galibi ƙirar Peerless, cike da giris. Wannan shi ne zaɓinmu ga Maraɗi, domin haƙora ne da boris, abin da kowane makaniki ya sani. Akwai na MTD mai fuli mai buɗewa da rufewa da bel biyu, shi ma ana iya masa, matsalarsa yawanci bel ne. Sai mai aiki da matsin mai, wanda ake taka feda gaba ko baya ba canjin giya, mafi yawa Tuff Torq K46. Ya fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, amma in ya tsufa yana da hali guda: da sanyi ya ja lafiya, in ya yi zafi ya mutu. Gwajin minti biyar a ƙofar shago ba zai nuna komai ba. A tuƙa ta minti talatin, sannan a hau gangare, ko a jingina gabanta da kututture a taka feda a hankali. Lafiyayya za ta tona ƙasa da tayoyin baya. Wadda ta gaji za ta yi kuka kawai, tayoyi a tsaye.

Kafin a yanke mata hukunci a duba abubuwa huɗu masu arha: bel ɗin tafiya ko yana zamewa, ƴar fankar roba da ke saman giyabos ko fikafikanta sun karye, sandar da ke baya wadda ake ja don a tura motar da hannu ko an mayar da ita, da ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke kulle tayar baya da gatari. Wannan ɗan ƙarfen yakan faɗi cikin rairayi in an cire taya don faci, a mayar da taya ba shi, mota ta ƙi motsi, a ce giyabos ya mutu. In duk waɗannan lafiya lau ne, saura canjin mai. Yawancin K46 ba su da kusar juye, sai an sauke shi an kifar, a zuba kusan lita 2 na 5W-50. Wani lokaci wannan yana dawo da shi. In famfon ciki ya riga ya karce, kayan gyaransa sai an yi oda daga waje, kuɗinsu na iya kai abin da ka sayi motar. Irin wannan a bar ta, ko a saye ta a farashin inji kaɗai.

Kasko kuwa a kwanta a leƙa ƙarƙashinsa, a ƙwanƙwasa da guduma. Ciyawar Turai mai danshi tana cinye shi da tsatsa daga ciki, fenti na sama yana ƙyalli. Huda a gefe mai walda zai toshe. In tsatsar ta ci inda gidajen wuƙaƙe ke ɗaure, wuƙaƙen ba za su ƙara daidaita ba, yanka zai riƙa fita hawa-hawa. Cire hular buji tukuna, sannan ka kama bakin wuƙa ka girgiza sama da ƙasa. In tana motsi ko tana gurza, boris ne, galibi 6203 ko 6204, ana samunsu wurin masu kayan babur. Gidan kansa na alminiyom ne, yana tsagewa in wuƙa ta daki dutse, kusoshinsa kuma suna karyewa wajen kwancewa in ba a jiƙa su da mai tun daren jiya ba. Bel na kasko mai faɗin milimita 13 ne, amma na asali yana da zare mai ƙarfi da ake kira aramid da rufin kyalle, saboda yana lanƙwasa ta baya kuma shi ne kuloci. Bel ɗin injin niƙa mai tsawo ɗaya zai shiga, zai yi aiki, ba zai daɗe ba. A daidaita kasko gabansa ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6, bayan an sa iska daidai: gaba kusan bar 1, baya 0.7.

Ƙasarmu rairayi ce, wuƙa mai dogon fiffike tana zuƙo shi tana sassaƙe kanta da kaskon. A nemi mai gajeren fiffike, a shayar da fili kwana ɗaya kafin yanka, a riƙa duba inda fiffiken ya lanƙwasa, domin nan yake sirancewa har ya ɓalle. Bayan wasa wuƙa a rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya, ɓangaren da ya rinjaya a ƙara rage shi. Tayoyi kuwa tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga musu. A sa tub a duka huɗun tun farko.

Wayoyinta kaɗan ne. Batir mai caji ya nuna volt 12.6, in inji na gudu ya haura 13. Akwai makunnan tsaro a ƙarƙashin kujera, a burki, da a sandar wuƙaƙe, kuma su ne ke hana tashi in ɗaya ya yi datti. A wanke ko a canza. Kada a yarda makaniki ya haɗe wayar na kujera don sauƙi: shi ne ke kashe inji in direba ya faɗo, wuƙaƙen nan kuma suna juyi kusan sau dubu uku a minti, a harabar da yara ke wasa.

In an gama gyara, mai kasko santimita 107 tana gama filin ƙwallo na mita 105 da 68 cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tana shan kimanin lita 2 zuwa 3 a awa, a yanka da cikakken totur. Wanda ke tunanin kai ta dajin Dakwaro ko Barmo ya yanko ciyawar dabbobi ya sayar, ko ya share hanyar tare gobarar daji, ya ajiye kuɗinsa. Tana daddatsa ciyawa ƙanana ne, ba abin da za a ɗaure dami, doguwar busasshiyar ciyawa kuma tana naɗe fuli, ta ƙona bel, ta taru kusa da salansa mai zafi.