Darasin Apex Testing na Trailhead: yadda ya gyara mini gwajin tiriga

Duk mai rubuta Apex, harshen shirya manhaja na Salesforce (manhajar kula da bayanan abokan ciniki), ya san ƙa'idar kashi 75. Ba za a bari ka tura kod zuwa asusun da kamfani ke aiki da shi ba sai gwaje-gwajenka sun ratsa aƙalla kashi 75 cikin ɗari na layukan, kuma kowace tiriga (kod mai tashi da kanta) sai gwaji ya taɓa ta. Wannan ƙa'ida ce ta kai ni darasin Apex Testing a Trailhead, dandalin koyarwa kyauta da Salesforce ya buɗe a 2014. Darasin gajere ne, amma sashen gwada tiriga ya cancanci mutum ya zauna a kansa.

Tiriga dai kod ce mai tashi da kanta idan an saka bayani a rumbu, ko an gyara, ko an goge. Misalin da darasin ya kawo shi ne AccountDeletion, wadda ke hana a goge asusun abokin ciniki muddin akwai cinikin da ke haɗe da shi. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka gina gwajin. Gwajin da kansa yake ƙirƙirar asusu da ciniki, ya kira umarnin gogewa Database.delete tare da false don kuskuren ya dawo a matsayin sakamako maimakon ya tsayar da komai, sannan ya tabbatar cewa gogewar ba ta yiwu ba, kuma saƙon da ya fito shi ne wanda aka rubuta a addError, umarnin da tirigar ke nuna kuskure da shi. Wannan tabbatarwa ita ce zuciyar aikin. Na sha ganin gwaje-gwaje a wurin aiki da suka kai kashi 90 amma babu assert (umarnin tabbatar da sakamako) ko ɗaya a cikinsu, wato kod ta gudana, ba wanda ya tambaye ta ko ta yi daidai. Wannan yana damuna ƙwarai, domin bayanan mutane ne ke lalacewa daga baya.

Na kuma ji daɗin yadda aka nace kan mutum ya ƙirƙiri bayanan gwajinsa. Tun daga sigar Salesforce ta API 24.0 gwaji ba ya ganin bayanan kamfanin na gaskiya sai an sa masa alamar SeeAllData=true, kuma shawarata ita ce a guje shi. Gwajin da ya dogara da bayanan da ke nan yau, gobe wani zai goge su ya faɗi. TestDataFactory da aka koyar, kod mai ƙirƙiro bayanan gwaji, yana rage maimaita rubutu, kuma duk abin da gwaji ya ƙirƙira ana share shi idan ya ƙare.

Wurin da na fi amfana shi ne gwaji da bayanai masu yawa. Salesforce na miƙa wa tiriga bayanai a rukuni-rukuni na 200, kuma a aiki guda an yarda da tambayoyin SOQL (na neman bayani a rumbu) 100 ne kawai da umarnin DML (na sakawa, gyarawa ko gogewa) 150. Tirigar da aka sa wa tambaya a cikin madauki, wato sashen kod mai maimaituwa a kan kowane bayani, za ta wuce lafiya da bayani ɗaya, sai ranar da aka loda dubbai ta tsaya cak. Gwaji da 200 kan tona wannan tun a teburinka. Test.startTest da Test.stopTest kuma suna ba kod ɗin da ake gwadawa sabon lissafin iyaka, don kada shirya bayanai ya cinye mata kasonta.

Akwai abin da nake fatan a ƙara. Jarrabawar ƙarshen sashen, ta tirigar RestrictContactByName mai ƙin sunan INVALIDNAME, kashi 100 na layuka take nema, kuma ina ganin sabon shiga zai iya ɗauka cewa adadin shi ne manufa. Da an tsawaita bayani kan System.runAs, don a ga yadda tiriga ke aiki a hannun ma'aikacin da ba shi da cikakken izini, da na fi gamsuwa.

Ga wanda zai fara, ya buɗe Trailhead Playground, wato Salesforce na atisaye, ya rubuta misalin da hannunsa, sannan ya lalata tirigar da gangan ya gani ko gwajin zai faɗi. Idan bai faɗi ba, gwajin ne ke buƙatar gyara.